Sunaye Ba Jarirai

Sunaye ɗari uku da sha ɗaya na raɗa,
ba ko ɗaya da ya yi kuka.
Ba wanda ungozoma ta yanke wa cibiya,
ba wanda wanzami ya taɓa kansa.
Amma duk shekara sai na yanka musu rago,
ragon dala, a mahautar da ba a ganin jini.

A ɗakina na Jekadafari,
tsakanin fanka mai tari da tagar da ta ƙi rufuwa,
nan nake kiwonsu.
Adireshin intanet, haka ake ce musu.
Ka riga kowa kama suna,
ka kwanta a kai kamar kaza,
wata rana mai kuɗi zai yi sallama.

Inna ta ce, "Gidado, wai me kake sayarwa?"
Na ce filaye.
"A hanyar Dukku, ko ta Biu?"
Na miƙa mata waya.
Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce,
"To, Allah ya sa ruwa yana sauka a can."

Sau biyu ya sauka, ba zan ɓoye ba.
Wani daga ƙasar da harshena bai iya furtawa
ya sayi kalma biyu a kuɗin babur.
Na yi mako ina taku ɗai-ɗai.
Wannan lasa ita ta kama ni,
yadda zuma ke riƙe ƙafar ƙuda.

Daga nan dare ya daina zama nawa.
Gwanjo ƙarfe uku, da mutanen da rana ke kansu,
ladan ya same ni ido ja.
Naira na ramewa, garken na cin abincinsa,
ina cewa Dudu, "Saura kaɗan,"
har ta daina ɗago kai.

Ran da ta sauka lafiya,
da kwana bakwai suka cika,
Malam Tukur ya sunkuyo ya ce, "Wane suna?"
Na ce Ramlatu.
Kafin a shafa fatiha, zuciyata ta tambaya:
ko wani bai riga ni kama shi ba?
Hannuna har ya kai aljihu.

Kunyar nan, ni kaɗai na san nauyinta.
Goron da na tauna ya ƙi wucewa.

Washegari na kashe sabuntawa.
Saƙonni suka yi ta zuwa kamar masu bin bashi:
saura wata, saura mako, saura yau.
Na bar su suna bushewa ɗaya bayan ɗaya,
wasu ma ban tuna dalilin sayensu ba.

Yanzu ina Kwadon, wajen Baffa Jungudo,
muna juya albasa a rumfa.
Shi ma jiran farashi yake, bai fi ni haƙuri ba,
sai dai ya ce, "Tawa in ta ruɓe,
hanci ke ba ni labari.
Naka kayan ba ya wari, yaro,
shi ya sa ka daɗe."

Na yi dariya har da ƙwalla,
na ɗora wa albasar laifi.

Ba tuba na yi ba, kada a rubuta haka.
Guda tara na ajiye, kamar iri a bakin rumbu.
Wataƙila bayan damina na leƙa,
wataƙila sai an ci kasuwar albasa.
Yatsana har yau yakan motsa cikin barci.

Jiya da la'asar na dawo gida da ƙasa a farce,
na tsaya bakin ƙofa na ce, "Ramlatu."
Daga bayan uwarta ta karkato kai,
tana neman inda muryar ta fito.

Shekara shida ina kiran sunaye.
Wannan ne ya waiwayo.