Kuɗin Fito

Bayan isha'i, in an ɗauke wuta a Badariya,
sai in jawo fitilar caji
in buɗe ɗan littafin nan mai jan bango.
Shafa kan leƙo ta ce, har yanzu kai da bankunanka?
In ce mata saura kaɗan.
Wata bakwai ke nan ina cewa saura kaɗan.

Katin fari na karɓe shi da sanyi.
Suka ce: kashe dubu ɗari huɗu cikin kwana casa'in,
mu ba ka maki dubu ashirin, gyara ce.
Ni da albashin akawu, ina zan kai dubu ɗari huɗu?
Sai na bi maƙwabta gida gida.
Takin Malam Dodo, ni na goga masa.
Man injin ban-ruwa na Tukur a fadama,
kuɗin makarantar 'ya'yan Luba,
har firjin mai shayin bakin tasha.
Su miƙo mini tsaba a leda,
in kai wa banki kafin ya yi tari.

Na biyu sai bayan Sallah.
Ba a yawan buga ƙofa a jere,
in sun ga sawunka ko'ina sai su ɗauka yunwa ce.
Na uku yana da kuɗin shekara,
na zana masa da'ira: a yanka shi kafin ya zagayo.

Abu guda nake tsoro, ruwa.
Ni ɗan masunci, haihuwar Yawuri,
wanda ya iya iyo kafin ya iya salla,
ga ni ina saita ƙararrawar waya
kwana uku kafin wata ya cika
don kada ruwa ya hau.

Baba, Allah ya ji ƙansa, yakan ce:
akwai kifin da ka cin koto ta gefe ya bar ƙugiya,
amma ban taɓa kama tsohonsa ba,
duk da ƙuruciya suka shigo kwando.
Na tambayi Malam Ɗahiru bayan asuba,
ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce,
mai kiwo a bakin gonar mutane, ya riƙe igiya da kyau.

Sau ɗaya igiyar ta kuɓuce.
Makon da Hantsi ya kwanta asibiti da zazzaɓi,
ƙararrawa ta yi ta kuka a aljihun wata riga.
Dubu goma sha ɗaya da ɗari uku.
Na rubuta su da jan biro, ban gaya wa Shafa ba.

Duk don me? Don Inna.
Ƙanwata ta haihu a Fatakwal,
gwiwar Inna ba ta ɗaukar kwana biyu a mota.
Ran da maki ya cika na tafi Yawuri da takarda a hannu,
na same ta tana juya banda.
Ta ce, wa ya biya?
Na ce ba kowa, Inna, kyauta ce.
Ta dube ni yadda take duban kifin jiya a kasuwa.
Ta ce, ɗana, na girma bakin Kwara,
ban san jirgin da ba a biyan fito ba.
In ba ka ba da kuɗi ba, wani abu ka ba da.

Ban amsa ba. Na tuna fitilar caji.

A Ambursa sai da suka buɗe jakarta,
ƙamshin banda ya cika ɗakin.
Na roƙa mata kujerar taga.
Da la'asar ta kira ni, muryarta da ƙarfi kamar daga tsallake:
ta ga kogin daga sama,
ashe, in ji ta, bai fi zaren lilo ba.

Daren nan na sake buɗe littafin.
Saura tikitin dawowa.