Madannin da Don Eleuterio Ya Nema

Laraba, hawa na huɗu, Valparaíso.
Taga tana kallon tashar jiragen ruwa.
Na zaunar da Don Eleuterio gaban allo,
na ce, "Baba, nemo mana ranar ganin likitan ido.
Shafin muke jarrabawa, ba kai ba."
Ya gyaɗa kai, amma bai yarda ba.

Shekara talatin da takwas yana ɗaure igiyar jirage,
babu ƙullin da yatsun nan ba su kwance ba.
Ga su yau suna makyarkyata a kan linzami.
Ya danna hoton likita mai murmushi, shiru.
Ya danna tambarin asibiti,
aka mayar da shi inda ya fito.
Fom ya nemi lambar sirri
mai babban harafi da ƙarami, da wata alama
wadda bai taɓa jin sunanta ba.
Sau uku jan rubutu yana daka masa tsawa,
bai faɗi abin da ya ɓata ba.

Madannin kuwa yana can ƙasa, ruwan toka,
ya laɓe bayan sakin layi tara na lauya
kamar ɓeran da ya ji motsin mage.
Ina ganinsa. Ba ni da izinin nunawa.
Aikina ke nan: in zauna a kan hannuwana,
in ƙirga daƙiƙu,
in haɗiye "ga shi can" da sauran shayi.

Minti goma sha ɗaya.
Ya cire tabarau, ya goge da gefen riga.
"Yi haƙuri, 'yata, kaina ne ya tsufa."
Na rubuta maganar,
na ja mata layi har takarda ta huje.

Alhamis, taro.
Baltasar manaja ya ba ni minti bakwai a wutsiyar zama,
bayan kasafi, bayan shari'ar wanda ya shanye madarar firji.
Na ce shida cikin takwas sun ɓace a hanya.
Ya ce, "Takwas ai ba jama'a ba ce."
Nahuel injiniya ya ce, "A tawa kwamfutar yana aiki."
Lauya ta ce ko waƙafi ba za a taɓa ba.
Ta sashen talla tana son ƙarin hoto mai motsi.
Wani daga ƙarshen tebur ya tambaya
ko ba ni ce mai zaɓen launi ba.
Shekarata biyar a gidan nan.

Ban ja da kowa ba.
Na kashe fitila, na kunna bidiyo.
Ɗaki ya kalli tsoho yana goge tabarau,
yana neman gafarar laifin da mu muka yi.
Cokalin Nahuel ya tsaya cak cikin kofi.
An ce gani ya kori ji,
to, gani bai kori kasafi ba:
"Madalla, Ximena. Sai zango mai zuwa."

Da yamma na shiga akwatin ƙarfen da ke hawa tudu,
wanda ya girmi kakata.
Ƙofa ɗaya, mariƙi ɗaya,
inda hannu ya lalaba, nan yake.
Tagullar ta sha tafuka har ta yi santsi.
Ban taɓa jin wanda ya ba ta haƙuri ba.

Muna tsakiyar tudu, rufin gidaje na zamewa ƙasa,
waya ta motsa a aljihu.
Nahuel ne: "Na ɗago shi sama, na ƙara masa girma.
Kada ki faɗa wa kowa."

Sakin layi taran suna nan daram,
jan rubutu bai koyi ladabi ba.
Litinin Doña Fresia za ta zo, mai sayar da kifi,
ta ce ita da kwamfuta sai kallo daga nesa.
Na sayi sabon littafin rubutu,
mai takarda mai kauri.