Lamba Goma a Kejetia

Ruwa na dukan kwanon rumfa.
Ni a Kejetia, Mardiya a Aboabo,
tsakaninmu waya mai shaƙewa.

Bakwai, na ce.
Takwas? ta ce.
Bakwai, kwanakin mako.
Ta maimaita, na ji, muka wuce.

Ran da layi ya yi kyau
numfashi ɗaya ke kai lamba goma.
Yau biyar ɗin tsakiya kaɗai
ta cinye rabin katina.
Ba a yanka wa magana tsawo tun daga gida,
hanya ke faɗin inda za ta tsaya.

Ta karanto duka daga farko.
Saura amsata, i ko a'a,
ita ma ta cikin ruwan nan za ta bi.
Shi ya sa muka shirya tun bara:
in daidai ne, doguwar fito,
in da kuskure, shiru.

Na yi fito.
Yaron mota a bayana ya yi nasa.
Da shirun na yi, nasa za ta ji.

Kuɗin haya ne, sidi ɗari tara.
Ta ce ta tura.
Ina riƙe da wayar, ba ta yi ƙara ba tukuna.