Bashin Ƙugu

A Valparaíso, matakala ɗari da goma sha bakwai
ke tsakanin gidana da ɗakin ɗaga ƙarfe na Doña Herminia.
Da, a guje nake haye su.
Wannan makon sau uku na tsaya,
hannu a kwankwaso, ina yi kamar teku nake kallo.

Awa tara nake zaune a kujerar bas mai lantarki,
daga bakin tashar jiragen ruwa zuwa Barón,
in dawo, in sake komawa.
Da yamma sai in tafi neman damtse.
Damtse kawai. Shi madubi ke nunawa,
shi ke cika hannun riga ranar Lahadi
idan na mayar wa Nélida da 'yarmu,
ta karɓe ta a bakin ƙofa, ba ta ce in shigo ba.

Kilo arba'in na jera a sanda.
Na farko ya hau lafiya, na biyu ma haka.
A na biyar gwiwar hannu ta cije,
sai na gantsare, na yi lilo
kamar kwale-kwalen masunta da igiyar ruwa ta taso,
ƙarfe ya iso haɓa.
Samarin da ke gefe suka tafa mini.
Ƙugu bai ce uffan ba.

Sai da dare ya zo da takardar bashinsa.
Garwashi biyu daidai inda bel ke zama.
Juyi a katifa sai da shawara,
ɗaure takalmi sai da lallashi,
atishawa kuwa na riƙe ta kamar sirri.

Herminia tana da shekara sittin da takwas.
Alli ya zauna a tsagar tafin hannunta, ba ya fita.
Ta kalle ni tun daga ƙofa, ta ajiye kofin shayinta.
"Casimiro, jiya wa ya ɗaga wancan ƙarfen?"
Na ce ni.
Ta ɗora yatsa biyu a ƙasan bayana, ta ɗan danna,
na ji har cikin haƙori.
"Ga wanda ya ɗaga. Hannunka rakiya ya yi."

Ashe kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ta zare faifai, ta sake zare wani,
kowanne ya faɗi da ƙara a kunnen samarin nan.
Ta jingina ni da bango mai sanyin gishiri:
ƙeya, kafaɗu, ɗuwawu, duk su manne.
"Ɗaure cikinka kamar mai jiran naushi.
Gwiwar hannu a haƙarƙari. Kada ta je yawo."

Kilo goma sha biyar.
Abin da 'yata ke ɗauka idan ta rungumi karenta.
A na takwas hannuna ya fara rawa,
bayana ya nemi ya kawo ɗauki, yadda ya saba,
bango ya hana shi.
Ba wanda ya tafa.
A waje wani jirgin kaya ya yi kuka, zai fita.

Ta ce idan zafin ya gangara ƙafa,
likita zan nufa, ba ita ba.
Na sauko a hankali, iska na kaɗa hannun rigata.
A matakala ta sittin na tsaya.
Wannan karon tekun na kalla da gaske.