Rijiyar Wendelin

Kakana Wendelin Krogmann ya sauka a Nebraska
da akwatin katako mai ƙarfe a kusurwa huɗu,
da mace mai cikin wata shida,
da irin tuffa guda tara ƙulle a cikin safa.
Jirgin ƙasa ya ajiye su, ya yi kuka, ya wuce.
Ottilie ta dubi gabas, ta dubi yamma,
ta ce, "Ina itatuwan?"
Bai tanka ba. Ya sunkuya ya damƙi ƙasa,
ya murza, ya sansana,
baƙa wuluk kamar gindin tukunya.
Shekara goma sha ɗaya yana yi wa wani noma a Oldenburg,
ga shi yau da fili, da sunansa a takarda,
ko da yake magatakarda ya cinye masa harafi ɗaya.

Babu dutse, babu azara.
Suka yanka ƙasa da ciyawarta kamar tubali,
suka ɗora, suka ɗora, har ta zama ɗaki.
In sama ta yi ruwan kwana ɗaya a waje
a ciki sai ta yi na uku.
Maciji ya taɓa faɗowa daga rufi cikin kwaɓin burodi,
kakata ta fitar da shi da ludayi, ta ci gaba da murza.

Rijiyar ta ci masa rani biyu.
Yana ƙasa yana haƙa, tana sama tana jan guga,
gaba goma sha bakwai kafin ƙasa ta yi gumi.
Ranar da ya ƙwala mata kira daga can ciki
ta ɗauka rami ne ya rufta.
Ashe ruwa ne ya kai masa idon sawu.

Sai fara.
Ta zo da tsakar rana, girgije mai haƙora,
ta cinye masara, ta bi albasa har cikin rami,
ta gwigwiyi ƙotar fartanya don gishirin gumi.
A shekarar ce Hedwig ta koma, tana wata goma sha huɗu,
ba ta kai ga kiran uwa da kowane harshe ba.
Ya ɓalle murfin akwatin ya yi mata makwanci.
Shi ya sa akwatinmu ba shi da murfi har yau.
Baƙi kan tambaya, mu ce tsufa ne.

Cikin tara biyu suka tsiro, ɗaya ta rayu,
tsaminta sai ka runtse ido.
Kakata takan dafa ta da zuma, ta ce ɗanɗanon gida ke nan,
shi ya ce ƙarya take yi, ya miƙa kwano a ƙara masa.

Reinhold, Emmerich, Liesbeth, da babana Alwin, auta,
sukan tafi makaranta da harshe ɗaya, su dawo da wani.
Da yaƙi ya ɓarke aka watsa wa ƙofar coci rawayan fenti,
aka ce kada a ƙara jin Jamusanci a bakin titi.
Reinhold ya sa kaki ya haye tekun da ubansa ya hayo,
ya dawo da hannu ɗaya da bakin da ba ya ba da labari.
Kakana ya daina magana a kasuwa,
ya nuna da yatsa, ya biya, ya fito.
Amma da asuba in ya je ɗiban ruwa
sai ya leƙa rijiya ya zuba mata Jamusanci,
farashin alkama, ciwon gwiwa, sunan Hedwig,
ita kuma ta mayar masa, ba ta kai ƙararsa wurin kowa.

Bara aka sayar da gonar.
Kafin in miƙa makulli na janye katakon da ya rufe bakinta.
Shekarata saba'in da uku, kalma uku kacal na gada:
ta burodi, ta ruwa, da wadda yake tsayar da doki da ita.
Na zaɓi ta ruwa, na jefa.
Ta daɗe tana sauka.
Da ta dawo, muryar ta yi kauri, ta tsufa,
har na waiwaya ko akwai wani a bayana.
Mai sayen yana can jingine da mota, yana duba agogo.