Saura Mutum Ɗaya

Shekara tara ina rataye a ƙofar tirotiro,
daga Kejetiya zuwa Aboabo, a sauke, a juyo.
Maƙogwaro ne jarina.
"Saura mutum ɗaya!" nake ta ihu
ko da kujera biyar ce babu kowa.
Ƙaryar sana'a ce, fasinja ma sun san da ita.

Na kira mai doya, na kira mai ɗinki,
na kira Asante, na kira Dagomba, kowa da harshensa.
Ban taɓa zaton mai kira ma ana kiransa ba.

Wata Laraba ruwa ya tsare mu a Asawase.
Iya Rifkatu mai koko ta ɗaga ledar rumfarta,
ta ce, "Shigo, Iliya, kada sanyi ya kama ka."
Ta cika mini kofi, ta ɗora ƙosai biyu na gyara,
ta ce, "Kai da kake kai kowa gida, wa zai kai ka?"
Na yi dariya, dariyar ta tsaya a haƙora.
Ta yi mini zancen Yesu kamar zancen maƙwabci
wanda ya ji bashin da ke wuyanka,
ya je ya biya da dare, bai yi shela ba.
Ruwa ya ɗauke. Maganar ta ƙi ɗaukewa.

Wata uku ina kokawa da ita, ina ɓata lissafin canji.
Ranar da ta kayar da ni ba a coci nake ba,
a Suwame nake, bayan mota, hannu duk baƙin mai.
Na ce, "To, ga ni. Karatuna bai yi nisa ba,
murya ce kaɗai gare ni, ita ma ta dushe."
Ban ji tsawa ba, ban ga haske ba.
Sunan Gambo ne kawai ya faɗo mini,
kamar tsakuwa cikin shinkafa, ba tauna, ba haɗiya.

Gambo, wanda ya koya mini dira daga mota tana gudu,
wanda muka raba tabarma ɗaya a Sabon Zango.
Yanzu a bakin kwata yake kwana,
ƙwaya ta cinye masa kumatu, ta bar idanu.
Shekara biyu ina wuce shi sau takwas a yini,
in mun zo daidai wurin sai in sunkuya ina ƙirga kuɗi.

Na je da shinkafa da wake a ƙunshin ganye.
Ya ce, "A'a, yau fasto ne? Ina rigar?
Sidi goma ka kawo, ko surutu?"
Na ce, "Abinci." Ya ci, bai dube ni ba.
Na koma Juma'a, ya jefe ni da robar ruwa.
Na koma Litinin da reza da sabulu,
ya bari na aske shi, yana zagina a hankali.
Da na gama ya shafa kai, ya ce,
"Wa ya aiko ka?"
Na faɗa masa. Ya yi shiru har ƙudaje suka gaji.

Kada ku tambaye ni ko ya tuba.
Jiya ya sayar da takalmin da na ba shi.
Shekaranjiya kuwa shi ya ce in yi masa addu'a,
ya riƙe gefen rigata kamar yaro a kasuwa.
Iya Rifkatu ta ce icen da ya jiƙe
ba a hura shi da fushi, sai da dogon numfashi.

Yanzu in motarmu ta zo bakin kwatar nan
nakan buga ƙofa sau biyu, direba ya rage gudu yana tsaki.
In leƙo da kai, in buɗe dusasshiyar muryata:
"Saura mutum ɗaya!"
Fasinja su duba, su ga mota cike, su ce na zare.
Gambo kaɗai ke ɗago kai.
Shi ya san wannan karon ba ƙarya nake yi ba.