Zizar Baba Nomau

Shekara talatin ina gyaran rediyo
a rumfar kara, kasuwar Garki, bayan 'yan gishiri.
Sana'ata farautar ƙara:
inda sifika ta yage, in liƙe da gam,
inda take gwarti, in bi ta da dalma da waya.

Abin da aka zuba shi nake so ya fito,
ba ƙari ba ragi, kamar mudun amana.
Akwatin kirki ɗan aike ne,
ba ya sa wa saƙo gishiri a hanya.

Sai ga Tabawa tsakar damina, ƙafa duk caɓi,
ta kwance bakin zane, ta miƙo mini memori:
“Kiɗan Baba Nomau ne, tun kafin hannu ya shanye.
Jikansa ya kai Kano an wanke a kwamfuta.
In mun kunna masa, sai ya juya mana baya.”

Na jona a babbar sifikata.
Tsirkiya biyu, tas, kamar ruwan da aka tace sau uku.
Na ce, ai aiki ya yi kyau.
Ta ce, zo ka faɗa masa, in kana da zuciya.

Na tarar da shi kan tabarma.
Bai saurari rabin minti ba ya ɗaga hannun da ya rage:
“Wannan wani yaro ne mai ladabi,
ya yi wanka, ya shafa mai. Ban san shi ba.
Ina ƙarfena? Ina zobban da maƙeri ya kitsa mini,
na biya shi da ɗan akuya,
na soke a wuyan garaya da gangan?
Zizarsu ce ke tada tsigar maharbi.
Sun zaci datti ne, suka bi ta da tsintsiya.”

Na yi gum.
Da ni aka kawo wa, da na share ta ba kunya.

Tabawa ta tono tsohon kaset a ƙasan adaka,
na hure shi, na naɗe zaren da biro,
na saka a rikodar da na fi yarda da ita.
Sai ga ta, kamar zuma ta tashi a kogon kuka,
tsirkiya na tafe, ƙarfe na yayyaga mata riga.
Tsoho ya runtse ido, yatsu na tattaki kan gwiwa,
haƙoransa biyu suka fito dariya.

Na koma rumfa, ina nan ina liƙe yaga,
sai dai kafin in kashe ƙara nakan tambaya, ta wa ce?
In ta akwati ce, in kore ta,
in ta makaɗi ce, in matsa mata ta wuce.
Ga shi wani yaro ya kawo sifika sabuwa fil,
wai in ɗan tsaga masa ita, ya fi son ta da kaushi.
Na ce ya dawo kasuwa mai zuwa.
Rezar tana aljihuna tun jiya.